Shekarar da Muka Datse Fiffiken Shamuwa

Gidanmu na Gozaki ƙofa biyu gare shi, ta gaba ta mutane, ta baya kuma ta dabbobin da masu su suka gaji da su. Maigidana malamin dabbobi ne, a Malumfashi yake aiki, safe ya tafi a babur, yamma ya dawo. Da aka kawo ni daga Funtuwa na ɗauka aikin nasa a can yake ƙarewa, kamar yadda nawa na koyarwa yake ƙarewa da an kaɗa ƙararrawa. Ashe gidan ma asibiti ne, kuma ba wanda ya ga dacewar gaya mini kafin a ɗaura aure.

Bayan ɗakin girki akwai wani fili da ya kewaye da zana da tsofaffin kwanon rufi. A nan na ga jakin da gyambo ya cinye wa baya, mai shi ya sake shi a bakin kasuwa. Na ga 'yan kwikwiyo biyar da aka tsinta a kwalbati, da kyanwa mai ido ɗaya, da wani kunkuru da garma ta fasa wa baya. In dabba ta warke sai ya shiga nema mata gida. Kyanwa ta tafi wurin mai siton hatsi, karnuka su tafi ruga ko gonar wani, kuma ba ya bayarwa sai ya je ya ga wurin da idonsa. Na taɓa ce masa ko 'yarsa zai aurar iyakar binciken ke nan. Ya ce ai 'ya tana da bakin kawo ƙara.

Ba zan yi ƙarya ba, ban so abin nan ba. Ga wari, ga ƙuda, ga robar wankina da kullum sai na tsinto ta a bayan gida da ruwan magani a ciki. Wadda ta so shi ita ce surukata, mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, "wannan yaron" take cewa, alhali furfura ta fara fito masa a gemu. Tsakanina da ita gaisuwa ce da kunya. Ni ina mata kallon tsohuwar ƙauye, ita kuma ina jin tana mini kallon 'yar bokon da ke tuwo da gudaji. Shekara shida muka yi a haka, ba faɗa, ba hira.

Shamuwar ta zo mana ne cikin marka, a watan Agusta. Iska ta karya reshen rimin da ke bayan kasuwa, ta faɗo tare da shi, wani manomi ya naɗo ta a buhu ya kawo. A garinmu ba a taɓa shamuwa. Mai danƙo zai harbi kurciya ba mai ce masa kanzil, amma in ya ɗaga wa shamuwa hannu, duk babban da ya gani sai ya ja masa kunne. Ita ce ke zuwa gaban ruwa, in manomi ya hango ta a kan rimi sai ya koma gida ya fara duba irinsa. Baƙuwar gari ce. Ta yi sheƙa, ta yi 'ya'ya, in kaka ta yi su tattara su tafi gaba ɗaya, sai kuma baɗi.

Maigidan ya duba ta, ya ce ƙashin fiffiken hagu ne ya tsage amma bai rabu ba. Ya naɗe fiffiken da bandeji ya haɗa shi da jikinta, ya ce in Allah ya yarda mako uku zuwa huɗu zai kama. Inna ta kawo mata tsaki a faifai kamar yadda ake wa kaza, ita kuwa ko kallon faifan ba ta yi ba. Ya ce ba ta cin hatsi, fara take ci da kwaɗi da tsutsa. Daga ranar Inna ta samu aiki. Da sassafe, raɓa ba ta bushe a jikin fara ba, za ta shiga garka da gwangwani tana kamawa, tana mita wai ta tsufa ta koma farauta.

Ni ma dai ban san lokacin da ta shiga raina ba. Ina jin don ba ta da surutu ne, a gidan da komai sai ya yi kuka. Za ta tsaya da ƙafa ɗaya kusa da inda nake wanke-wanke, baƙin bayanta yana ɗaukar ido, farin cikinta tas kamar an wanke da sabulu, tana kallona da ido ɗaya. In na dawo daga makaranta sai na kama kaina ina leƙa bayan gida kafin in cire mayafi.

Bayan mako huɗu aka kwance bandejin. Washegari aka tura maigidan allurar rigakafin shanu a rugagen wajen Ƙarfi, kwana uku zai yi. Da zai hau babur ya ce mana abu ɗaya: kada mu bari ta fita, fiffiken bai gama ƙarfi ba, kuma akwai karnukan mafarauta a bayan katanga.

Rana ta biyu da hantsi, Asabar ce ina gida, na ji faf-faf a bayan ɗakin girki. Na leƙa, sai ga ta a kan katanga tana tangaɗi, fiffike ɗaya a buɗe ɗaya a rabi, ga karnuka biyu a ƙasa ta wancan gefen sun ɗaga kai suna jira. Da ƙyar na tura ta ciki da muciya. Ba a yi awa ɗaya ba ta sake hawa. Sai na ce wa Inna ko a rage mata fiffike. Inna ta ce ita ma abin da take tunani ke nan, ai haka ake yi wa tantabara in an sayo ta, haka ake yi wa zabo, a datse gefe ɗaya sai ta zauna, in ta saba da gida gashin ya fito. Duk macen da ta taɓa kiwo a ƙasar nan ta san wannan, ni ma a gidan ubana na gani.

Na ɗauko almakashina na ɗinki. Na riƙe ta a cinyata, na danne dogon bakinta a ƙarƙashin hammata. Muka ce kada mu taɓa na hagu tunda shi ne mai ciwo, sai Inna ta buɗe na dama, lafiyayyen, ta datse dogayen gashin guda takwas. Ko jini bai fito ba. Na share gashin na zuba a murhu tare da sauran shara, muka ci abincin rana da jin daɗin mun yi dabara.

Da ya dawo bai ko sha ruwa ba ya wuce bayan gida. Ya daɗe a can. Sai ya fito yana tafiya a hankali, ya tambaya wa ya taɓa fiffiken. Na buɗe baki ke nan Inna ta riga ni.

"Ni na yanke," ta ce. "Karnuka za su cinye ta. Sai me?"

Na ga maganar da ta taso masa har wuya ya haɗiye ta, domin ba a ɗaga wa uwa murya. Ya durƙusa a gabanta ya yi bayani da ƙaramar murya. Ya ce gashin da aka datse ba ya tsiro sai guntun ya faɗi da kansa, wannan kuwa sai an yi watanni, wataƙila sai wata damina. Tantabara ba inda za ta, tana iya jira. Shamuwa kuwa 'yan uwanta saura mako biyar ko shida su tashi, kuma tafiyar ba ƙarama ba ce. In suka bar ta, rani zai same ta ita kaɗai, ba fara, ba kwaɗi, ga sanyi, kuma bai taɓa jin wadda ta kai damina a haka ba. Sannan ya tambaya ina gashin da aka yanke. Ni na ba shi wannan amsar, na ce yana murhu.

Inna ta dafa ƙasa. Ta tashi ta shiga ɗakinta, tuwon da na kai mata da magariba ya kwana a rufe.

Da safe na same ta a bakin ƙofa tana jan carbi. Na durƙusa na ce zan gaya masa gaskiya, ni na kawo shawarar, ni na kawo almakashin, ni na riƙe. Ba ta ɗago ba.

"Ɗiyar nan, rufe bakinki," ta ce. "Ke kina da zaman aure a gabanki. Ni kau ba mai kora ta gidanmu."

Na so in yi dariya, sai kuka ya zo maimakonta. Ita ce doguwar magana ta farko da ta taɓa yi mini a shekara shida. Ta ce abin da ke damunta ba fushin yaron ba ne, alhaki ne. An kawo mata baƙuwa amana, ta raba ta da danginta da hannunta, kuma ranar gobe kiyama ba za a tambayi almakashi ba, ita za a tambaya. Daga baya na gaya wa maigidan duk da haka, domin abin ya ƙi barina. Ya ce ai ya sani, Inna ba ta da almakashi.

Kwana huɗu yana ta buge-bugen waya, har ya samu wani tsohon likitan dabbobi a Zariya da ya taɓa koyar da shi. Shi ya gaya masa wata dabara da ni dai ban taɓa ji ba. Gindin gashin tsuntsu yana da rami a ciki. In aka samu gashin wata shamuwar wanda ya faɗi da kansa, sai a datse shi daidai tsawon wanda aka rasa, a fiƙe siririn tsinken gora, a shafa masa gam, rabi a cusa cikin guntun da ya rage a fiffike, rabi a cikin sabon gashin. In an yi da kyau zai riƙe har nata ya fito. Amma sai gashin fiffiken dama, dogo, marar karaya, kuma kowanne a gurbinsa.

Inna tana jin haka ta ce a ba ta sandarta.

Tun daga ranar kullum bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, za ta fita zuwa gindin rimin bayan kasuwa, inda sheƙunan suke. Gwiwoyinta ba su da kirki, tafiyar da yaro zai yi a minti biyar ita sai ta huta sau biyu. Idonta kuma ya fara yin yana, abu in yana nesa sai dai ta ga duhu-duhu, don haka da ƙafa da sanda take laluben ƙasa, cikin kashin tsuntsaye da ruɓaɓɓen ganye. Ranar da ba makaranta nakan bi ta. Mutanen gari ba su bar mu ba. Wasu suka ce tsohuwa ta fara tsince-tsince, a yi mata addu'a. Wata maƙwabciyarmu ta shigo har ɗaki ta rage murya ta ce ta san magani ne, don Allah in an haɗa a sam mata, mijinta ya canza mata. Inna ta ce mata maganin tashi sama ne, in tana so ta kawo fiffikenta.

Da labarin gaskiya ya bazu sai abin ya juya. Masu shago a bakin rimin suka fara ajiye mana duk gashin da ya faɗo. Matar faston unguwar gabas, wadda akwai sheƙuna a tsamiyar harabar cocinsu, ta aiko da guda uku a naɗe cikin takarda, da gaisuwa. Kwandon Inna ya cika, amma yawancinsu ba su da amfani, wasu na wutsiya ne, wasu na hagu, wasu ma na ungulu. Ni da nake taƙama da ilimi sai in juya gashi sau goma ban gane na wane gefe ba ne. Ita kuwa, da ta yi shekaru tana saƙar faifai, sai ta bi shi da yatsa sau ɗaya, ta ji inda ya lanƙwasa da gefen da ya fi siriri, ta ce wannan namu ne, wannan a zubar. Ita ta fiƙe tsinkayen gorar ma, da 'yar wuƙarta ta yankan kuɓewa.

Mako uku muka yi kafin mu samu bakwai masu kyau. Na takwas ya ƙi samuwa. A lokacin an fara yankan masara, fara ta cika gonaki, kuma shamuwoyin sun fara barin rimin da rana suna taruwa a fili, alamar tafiya ta matso. Maigidan ya ce ba za mu ƙara jira ba, da bakwai za a yi.

Ranar Asabar da safe muka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin girki. Ya zura mata tsohuwar safa a kai don ta natsu. Ni na sake riƙe ta a cinyata kamar wancan karon, ina jin zuciyarta tana bugawa da sauri a tafin hannuna. Ya gwada na farko, yatsunsa da suka saba da wuyan bijimi suka yi wa aikin girma, tsinken ya karye. Inna ta ce ya matsa. Shi yake aunawa ya datse ya ɗiga gam, ita take cusawa, ta juya gashin a hankali har ya kwanta kan ɗan uwansa yadda ya kamata, bakinta yana motsi da bisimilla a kan kowanne. Ba wanda ya yi magana sai "miƙo" da "riƙe". Da aka gama ta shafa fiffiken daga sama har ƙasa, yatsanta ya tsaya a gurbin da babu komai, ya daɗe a wurin.

Kwana biyu shamuwar tana gyara gashin da baki, muna kallo da fargaba kada ta tsige. Gashi ɗaya ya juya, aka sake dasa shi. A rana ta biyar ta tashi daga ƙasa ta sauka kan rumbu, daga rumbu ta koma kan ɗakin girki, a karkace, kamar mai ɗauke da tulu a kafaɗa ɗaya. Maigidan ya ce ba zai yi mana alkawari ba. Wataƙila ta iya, wataƙila ta gaji a hanya, kuma ba za mu taɓa sani ba. Inna ta ce ita dai a kai ta cikin danginta, sauran na Allah ne.

Wani manomi ya zo ya ce sun taru da yawa a gonarsa da aka yanke, ta hanyar Ƙarfi, kuma a ganinsa ba za su ƙara kwana biyu ba. Maigidan ya sa ta a kwali ya ɗaure a bayan babur. Inna ta ce ƙafarta ƙafar kwalin. Ba ta hawa babur, don haka maƙwabcinmu ya ɗaura amalanken shanunsa, na shimfiɗa mata bargo, muka bi shi a hankali ni da ita muna girgiza.

Da muka isa rana ta fara zafi. Ban taɓa ganin shamuwa da yawa haka ba, sun baƙanta gonar, suna tafiya a tsakanin kututturan masara suna tsintar fara. Muka tsaya nesa kaɗan don kada mu tsorata su. Ya buɗe kwalin ya fito da ita. Inna ta ce ya dakata. Ta sauko daga amalanken da ƙyar, ta dafa bayan tsuntsuwar, ta yi mata magana yadda ake yi wa mai shirin doguwar tafiya.

"Baiwar Allah, ni na cuce ki, ba da nufi ba. Ki yafe mani. Allah ya kai ki lafiya."

Ya ajiye ta a ƙasa. Ta tsaya jim, ta girgiza jiki, sannan ta fara takawa wajensu ba ta ko waiwaye mu ba. Na bi ta da ido, na ce wa kaina ba zan ƙifta ba. Ta shiga gefen taron, wata ta kai mata sara ta goce, ta sunkuya ta kama fara. Can wani mai babur ya wuce a kan hanya da ƙara, sai gonar gaba ɗaya ta tashi. Suka yi sama suna kewayawa, suna ƙara nisa, inuwarsu tana wucewa a kanmu. Na duba ƙasa da sauri, daga wannan kunya zuwa waccan, ina neman baƙin abu ɗaya da ya rage a tsaye. Babu komai sai karan masara.

Inna ta kama hannuna. Ta ɗaga fuska sama, amma na san ba ta ganin komai a can sai haske.

"Ɗiyar nan, ta tashi?"

Na ce ta tashi, Inna, ba ta nan a ƙasa.

"Wacce ce tamu? Nuna mani wajen."

Na duba, na sake dubawa. Ina neman mai karkata, mai giɓi a fiffiken dama, wadda ke baya tana fama. Maigidan ma ya kare ido da hannu yana nema. Hawaye suka cika mini ido, na ji kamar na sake yi mata laifi.

"Inna, wallahi na kasa gane ta. Duk iri ɗaya suke."

Ta sauke fuskarta. Sannan ta saki hannuna, ta zauna a ƙasa kan kunyar gonar, ta goge fuska da bakin mayafi.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Ai abin da muke nema ke nan."